Ranar da Tasalla Ta Kira Sunan Ɗanta

A Kurawa duk wanda ka tambaya zai ce maka Tasalla mace ce mai kara. Abin da suke nufi shi ne, tun ranar da ta haifi ɗanta na fari, Kalilu, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ku ce ma wancan shi zo shi ci." In ya faɗi ya goge gwiwa, wata ce ke ɗaga shi. Haka ta ga uwarta ta yi wa yayanta Lawwali, haka aka ce mata tarbiyya take. Ba wanda ya taɓa gaya mata amfanin abin, ita ma ba ta tambaya ba. Yawancin abin da ake yabon mace da shi, in ka bi diddigi, shiru ne aka sake wa suna.

Yanzu kuwa shirun nan ya tsaya mata a wuya kamar ƙashi.

Damina biyu a jere ruwa ya ƙi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gida da gona da shanu biyu da yaron nan. Kowace kaka wani makiyayi mai suna Yero yakan sauke garkensa a gonarta su yi mata taki, ita kuma ta auna masa hatsi. Daga awon hatsi magana ta yi nisa, har Yero ya je wurin Lawwali neman aurenta. Lawwali ya ce ko a mafarki.

Da ciyawa ta ƙare ƙaf, Yero ya ɗaura niyyar kudu da shanunsa. Tasalla ta ba shi nata biyun amana. Kalilu, mai shekara sha shida, ya kafe sai ya bi su.

"In ƙasa ta yi ɗanye za ni maido miki shi da su," in ji Yero. "Sannan in koma gun Lawwali."

To ga shi makiyaya sun fara dawowa, wasu da rabin garke, wasu da sanda kawai, domin ciwon bushiya mai kashe shanu ya tare su a can. Yero shiru. Kuma ranar kasuwar Bafarawa wani ya ce ya gan shi a wajen Kwantagora yana sayar da bijimi, shi kaɗai, babu wani yaro tare da shi.

Tasalla na tsakar gida tana tace anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu, sai ga Lawwali ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Ke Tasalla! Kina nan kina wankin ɗaci, ga mai hatsi na biɗar ki?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ɗacin ga shi munka sani, shi ka riƙe da mu."

"Alhaji Alhassan na Bahwarawa na nan tahe bayan azahar. Ki yi wanka, ki ɗaura zanen kirki."

"Ruwan wankan shi za shi zo da shi?"

Lawwali ya harare ta. Alhaji Alhassan ɗan kasuwar hatsi ne, matarsa ta rasu, yana da motar ɗaukar kaya, kuma a shekarar nan duk wanda ke da masara a rumbu to mutane har kyau suke gani a fuskarsa.

"Ban zo wasa ba. Bagobira ɗiyar Bagobiri, da tsagen gado ga kumatunki, ki rasa wanda za ki bi sai jikan Hillanin da sunka tashi birninmu Alkalawa?"

"Yaya, ran da anka tashi Alkalawa an ga Yero wurin? Ni dai ban ji ba. Kuma gonarka ta bakin hwadama, shanun wa ka zuba mata taki?"

"Bakinki ka ja miki. To tunda kin iya amsa, amsa mini wagga: ina shanun? Ina yaron?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

Lawwali ya san inda ya taɓa. Ya san za ta iya ja da shi a kan Alkalawa da taki da komai na duniya, amma ba za ta buɗe baki a gabansa ta yi maganar ɗan fari ba. Ya jira kaɗan don shirun ya yi masa aiki, sannan ya kaɗa riga ya fita.

Ta ajiye ƙwaryar ta shige ɗaki.

Gwaggo Hajjo, ƙanwar ubansu da ke zaune tare da ita, tana gindin danga tana tsinkar busasshiyar tafasa. Ta ji komai. Ta ja jiki ta bi ta, ta same ta zaune bakin gado, fuska jiƙe.

"Kuka kika yi?"

"Hayaƙi na, Gwaggo."

"Hayaƙin wutar da ba a hura ba tun jiya? Share idonki."

Maimakon ta share, sai abin ya ɓalle.

"Gwaggo, ran da za su tahi ko 'Allah shi kiyaye' ban ce mai ba. Na ɗaure mai gari da ƙuli cikin tsumma nib ba ki kinka miƙa mai, kamar ba daga hannuna yah hito ba. Ya tsaya bakin zaure shina waiwaye, ina ganinai ta kahwar danga, ban hito ba. In wani abu ya same shi, da mi za shi tuna ni? Da bayana?"

"Haka anka yi muna, haka munka yi. Uwa ba ta nuna son ɗan hwari, bakin mutane ka kama shi."

"To na ɓoye shi shekara sha shida, Gwaggo. Yau ba wanda yas san inda yake. Wane baki ya rage da bai kama shi ba?"

Tsohuwa ba ta saba a tambaye ta ba. Can ta nisa.

"Ɗiyata, ki amshi Alhaji. Shina da mota. Mota na zuwa inda ƙahwa ba ta zuwa."

Tasalla ta goge fuska da bakin zane. Muryarta ta dawo daidai.

"Yero ya ce za shi maido shi. Na ga mutumin ga da idona, maraƙi ya gaji bisa hanya ya saɓa shi ga wuya tun daga hwadama har ruga. Wanda bai yada maraƙi ba, ba shi yada ɗan mutum. Kukan da niy yi na kewa na, Gwaggo, ba na shakka ba."

Bayan azahar ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Yaran unguwa suka kewaye shi, ba don babur ɗin ba, don buhun masarar da ke ɗaure a baya.

Aka zauna a zaure. Alhaji Alhassan da Lawwali a gefe guda, Gwaggo da Tasalla a bakin ƙofar ciki. Ba ta canja zane ba.

Alhaji mutum ne mai taushin murya, ba ya ɗaga ido sosai. Ba mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne dai, irin wanda ko alheri zai yi sai ya fara duba mudun da zai auna shi da shi.

"Tasalla, na ji abin da ka damun gidan ga, kuma ya dame ni. Motata za ta kudu ɗauko masara. Za ni sa direba da yarana su bi kasuwannin shanu ɗaya bayan ɗaya suna tambaya, har a samu labari."

Ta ɗago kai ba ta sani ba.

"Sai dai kin san mutane," ya ci gaba. "Za su ce mi yah haɗa Alhassan da ɗan bazawarar da ba tashi ba? Amma in an sa rana, to ɗana nika nema, ba mai magana."

"Ka ji maganar manya," in ji Lawwali. "Alhaji, ka san al'ada, ita ba ta magana kan yaron ga. Ni ad da bakinta. Ta yarda."

"Yaya."

Ba ta ɗaga murya ba, amma duk suka juyo.

"Kan wancan niy yi shiru. Kan kaina ban yi ba. Ni bazawara ta, ko gaban alƙali sai an tambaye ni, kai ma ka sani." Ta juya wajen baƙon. "Alhaji, na gode da tahiyar da kay yi cikin ranar ga. In don Allah za ka neme shi, motar ta tashi yau, in yi ta yi maka addu'a har in mutu. In don ni na, bar ta ta huta. Na riga na ba wani magana."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. Lawwali ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Wato kin zaɓi Bahillace bisa ɗan da kinka haihwa! Hwaɗi mu ji! Ga hanyar nemanai an shimhiɗa miki, kin take ta don namiji. In gawatai na can daji ungulu na bisa, ke kinka so!"

Gwaggo ta ce, "Haba Lawwali!"

Maganar ta shige ta har ƙashi. Amsar tana nan cike da bakinta: cewa ba dare ba rana yaron nan ne a ranta, cewa da za a karɓi idonta a nuna mata shi da ta cire ta bayar. Amma leɓɓanta suka ƙi rabuwa. Shekara sha shida tana koya musu rufuwa, sun kuwa iya.

A cikin shirun nan ne saniya ta yi kuka a waje.

A Kurawa ta wannan shekarar kukan saniya ya zama baƙon abu. Amma ba baƙuntarsa ce ta sa gashin jikin Tasalla ya tashi ba. Ta san kukan. Mai kaushi ne, yana karyewa a ƙarshe. Jar saniyarta ce mai gutsurarren ƙaho.

Sai hayaniyar yara, sai wata murya ta namiji, mai kauri, wadda ba ta taɓa ji ba.

"Salamu alaikum."

Wani dogon saurayi ya sunkuyo ya shigo. Rana ta ƙona shi ya yi baƙi ƙirin, malfa a kansa, sanda a hannu, wuyan hannunsa kamar karan dawa. Rigar da ya tafi da ita tana jan ƙasa, yanzu ta tsaya masa a ƙwauri. Ya tafi da muryar yaro, ya dawo da ta wani.

Ya durƙusa gaban Lawwali. "Kawu, mun ishe ku lahiya?" Ya gai da Alhaji, ya gai da Gwaggo, wadda tuni ta kama salati tana shafa kansa. Sannan ya juya gefen uwarsa, ya kafe ido a ƙasa kamar yadda aka koya masa.

"Inna, ina wuni."

Abin da aka sani shi ne ta kau da kai wajen bango, ta ce "lahiya" a taƙaice, ta ce a ba shi ruwa. Ta ma fara.

"Gwaggo, a ba... a ba..."

Ta ga ƙafafunsa. Duk sun tsage, an ɗaure babban yatsa da tsumma.

"Kalilu."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaron ya ɗago kai a firgice.

"Kalilu. Kalilu! Kai na? Zo nan. Zo nan, ɗana."

"Subhanallahi, Tasalla!" in ji Gwaggo. "Gaban mutane?"

Ko ta ji, ba ta nuna ba. Gwiwoyinta sun riga sun kai ƙasa. Ta cire masa malfar, ta kama kansa da hannu biyu, ta shafa kunnuwansa, kafaɗunsa, ta bi haƙarƙarinsa da yatsu kamar mai duba ko an rage wani. Yana nan. Da ɗuminsa, da warin shanu da hayaƙi da zufa, yana nan. Wani abu da ya ɗaure mata ƙirji tun ranar da ya fita ya kwance gaba ɗaya, har ta ji jiri. Ta ja numfashi ya kai mata har ciki, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sake faɗa, ta sake, ta kasa tsayawa.

Kalilu ya yi ƙoƙarin daurewa irin ta maza.

"Inna," ya ce, "ashe kin san sunana?"

Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ja'iri! Ina cikin ɗaki anka raɗa maka shi, ina ji. Tun ran nan nika hwaɗinai cikin cikina, sahe da marece. Wa yah hi ni saninai?"

Nan yaron ya kifa kai a kafaɗarta ya saki kuka, ƙato da shi. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kunya, amma kafaɗunta na girgiza. Aka jira a ga abin da zai faɗo daga sama saboda uwa ta kira ɗan fari da sunansa. Ba abin da ya faɗo.

Alhaji Alhassan ya miƙe a hankali.

"Barka da arziki, Tasalla. Buhun ga a dahwa ma yaro, sadaka ta, ba ta da igiya." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Lawwali, maganata dai tana nan inda nib bar ta."

Da ƙarar babur ta yi nisa, Lawwali ya yi gyaran murya.

"To, mun gode Allah. Kai, ina ɗaya saniyar? Ina shi mai gayyar?"

Kalilu ya share ido, ya gyara zama. Uwarsa ba ta saki hannunsa ba.

"Baƙar ta mutu, Kawu. Bushiya tas shiga garke, kullum sai mun wayi gari da gawa. Muna cikin haka ni kuma ciwo yak kama ni, zazzaɓi da gudawa, har ban san inda nike ba. Sauran Hillani sunka ce za su gaba, wurin ya ɓaci. Baffa Yero yac ce su tahi. Shi yag goya ni har asibiti cikin gari."

"An ce an gane shi kasuwa shi ɗai," in ji Gwaggo.

"Ina kwance lokacin. Bijiminai yak kai, don magani da abinci. Da abin ya ƙare yak kai wata, yas sake kai wata. Waɗanda ciwo ya bari, jinyata ta cinye. Da nis samu kaina nic ce, Baffa, ga jar Inna nan, a sai da ta mana. Yac ce in sake hwaɗin haka shi mare ni. Wai amana ba ta shiga kasuwa."

Tasalla ta runtse ido. Ba mamaki ta ji ba. Abin da ta riga ta sani ne aka faɗa da ƙarfi a gaban wanda ya ƙaryata ta.

"Shina ina?" ta tambaya.

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Shina gindin aduwa, bisa hanyar Isa. Ya ce in shigo ni ɗai. Ya ce in ce miki ki gahwarce shi kan baƙar. In rana ta yi sanyi za shi wuce Nijar, ko Allah ya sa shi samu kiwon wani. Wai ba shi iya haɗa ido da ke, ba shi da ko bindin saniya."

"Ya yi hankali," in ji Lawwali. "Da garkenai ma ban ba shi ba. Bahillace ba nagge, mi ya rage? Sanda?"

Tasalla ta miƙe. Ta shiga ciki, ta karkata randa, ta ɗebo daga ɗan ruwan da ya rage a gindinta cikin ƙwarya mai tsabta, ta ja mayafi.

"Gwaggo, a hura wuta a sa masarar ga. Kalilu, wanke ƙahwahunka, in na dawo in sa maka man shanu."

"Ina za ki?" in ji Lawwali.

"Kai ma baƙo ruwa."

"Da rana tsaka, gari na kallo? Tasalla, in kin hita ƙohwag ga, kada ki sake ce mini Yaya!"

Ta tsaya, ƙwarya a tafin hannu.

"To sai in ce maka Lawwali. Yau bakina ya buɗe, sunaye ba su yi mini wuya."

Ta ratsa gari ba ta sauri ba ta nawa. Mazan da ke zaune a inuwar masallaci suka bi ta da ido, mata suka leƙo ta saman danga. A shekarar da babu aikin gona, kallo ne sana'ar kowa. Ta wuce rijiyar da ta ƙafe, ta wuce gonakin da aka yi shuka bayan yayyafin farko, tsiron ya fito ya mutu.

Yana zaune a 'yar siririyar inuwar aduwa, sanda kan gwiwa. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Da ya hango ta ya zabura ya miƙe, ya juya fuska gabas.

"Ki koma, Tasalla. Mutane na kallo."

"Su kalla. Sannu da hanya, Yero."

"Ya iso lahiya?"

"Ya iso. Na taɓa shi da hannuna, ko'ina nashi na nan." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "An ce mini za ka Nijar ba ka yi mini sallama ba."

"Da wane ido? Kin ba ni biyu na maido guda."

"Ukku nib ba ka. Ka maido wanda in babu shi ba ni kwana duniya, ka haɗo mini da saniya kyauta."

Yero ya murza sandar a hannu.

"Ba ki gane ba. Ran da nij je gun Lawwali, shanuna sun cika hwadama, yak kore ni. Yau in je da mi? Tun kakana ba a taɓa namiji gidanmu da ba shi da nagge ba. Ni ban san ko ni wane na ba yanzu. In na wuce ana nuna ni, ga Yero da garke ya ƙare ga hannunai. Ke kuma ga mai mota na son ki. Ki ci, ki ƙoshi, yaron ga shi yi ƙiba. Shi na son da nika iya yi miki."

Hawaye ya gangaro masa, ya bar shi, don share shi zai nuna akwai shi.

"Ka gama?" ta ce. "To ji nawa. Wanda ya aza maka cewa mutum shanunai na, bai ga abin da nig gani yau ba. Garken ga bai ɓace ba, Yero. Na gane shi ɗazu cikin zaure, ya yi tsawo, har murya ta buɗe mai. In kana son ganin inda dukiyarka ta tahi, zo ka dube shi shina cin tuwo."

"Tasalla..."

"Gona na nan. Saniya guda na nan, kuma kai ka sanin yadda guda ka zama biyu, ni ban sani ba."

"Bahillace da hwartanya? Dariya za a yi."

"A yi. Mu da munka gaji hwartanyar mi munka girbe bana? Kowa sabon shiga na gun Allah." Ta miƙa masa ƙwaryar. "Amshi."

Ya dubi ruwan. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, maƙogwaronsa na motsi, amma ya girgiza kai. A wurinsu namiji ba ya ci ba ya sha a gaban macen da yake jin nauyinta, ko ƙishi zai kashe shi.

"Aje nan. In kin juya ni sha."

"Ba ni juyawa. Kunyag ga ta ci muna abin da ta ci, ta isa. Hannuna ya gaji, Yero."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jingine sandar a jikin aduwa, ya karɓa da hannu biyu, ya tsuguna, ya sha har ƙasa, ruwan na bin gemunsa. Ita kuwa ta tsaya a kansa tana kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

Tare suka shigo gari, tana gaba da ƙwarya, yana baya da sanda. Kafin su kai gida rabin Kurawa ta taru. Lawwali na tsaye a ƙofar zaure, ya cika ta, hannu ɗaya a kowane gefe.

Yero ya rage tafiya.

"Yi sallama," ta ce ba ta waiwaya ba. "Da ƙarhi."

Yero ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum!"

Sallama ba a ƙin amsa ta, ko daga bakin wa ta fito, kowa a wurin ya san haka. Aka zuba wa Lawwali ido. Ya datse haƙora, ya dubi sama, ya ƙi.

Sai aka ji amsa daga bayansa.

"Wa alaikumus salam. Baffa, shigo."

Kalilu ne, tsaye a cikin zaure, ƙafafunsa jiƙe. Ya yi maganar a ladabce, idonsa a ƙasa.

"Kawu, a yi haƙuri a ba baƙona hanya. Gidan ubana na."

Wani tsoho a cikin taron ya ce, "Gaskiya ta, gidan ubanai na." Wani ya maimaita.

Lawwali ya juya ya dubi yaron daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa. Hannunsa ɗaya ya sauka daga jikin ƙofa, sannan ɗayan. Ya fito, ya tsaya daf da Yero har kafaɗunsu na gogar juna.

"Zaure ka samu," ya ce. "Aure kuwa sai ka bi ta kaina."

"Gobe da sahe shina nan tahe gidanka, Yaya," in ji Tasalla. "Ka kwana da shiri. Yau dai bari su ci abinci, daga nesa suke."